Yadda Aka Ɓoye Yaya Daga Na'ura

Ranar da likita ya ce ƙodar Yaya ta gaza, kuma ciwon irin wanda ake gado ne, ƙanenta Injiniya ne ya fito da ita daga asibiti. Ya riƙe mata jaka, ya buɗe mata ƙofar mota, ya gyara mata kujera. Sai da danja ta tsayar da su ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Yaya, da suka tambaye ki wanda za a kira idan wani abu ya taso, wa kika ce?"

"Wa zan ce? Kai mana. Ina da wani ne?"

"Sun rubuta?"

"Yarinyar da ke rubutawa ta ce in kawo lambarka ranar da zan dawo. Ka san ni da lamba, ba ta zama mini a kai."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ita ta ɗauka tausayinta ne ya kama shi, ta dafa hannunsa. "Kada ka sa wa ranka damuwa, Auta. Za a yi wankin ƙodar, in ci gaba da ɗinkina."

Yaya tela ce. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, tana zaune a ɗakin da ke kusa da kicin a gidan ƙanenta, ita da kekenta na ɗinki. Kowa Injiniya yake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Auta. Matarsa kuwa Maman Biyu, saboda tagwayensu, namiji da mace. Macen, wadda ake kira Ƙarama, an haife ta da rami a zuciya, ana jiran ranar da za a yi mata aiki. Inshorar iyali ta kamfanin da Injiniya yake wa aiki ce za ta biya.

Aikinsa a kamfanin inshorar shi ne kula da wata na'ura. In ka shiga ofishinsu za ka ga babban allo cike da ɗigo-ɗigo, da layuka suna haɗa su. Kowane ɗigo wani abu ne: mutum, gida, lambar waya, mota, katin banki, asibiti. Kowane layi kuma wata alaƙa ce da kamfani ya sani, kamar wane yana zaune a gida kaza, ko wance ta biya magani da kati kaza. Abin da Injiniya ya ƙware a kai shi ne koya wa na'urar ta yi hasashen layin da babu wanda ya gaya mata. Ta duba mutum biyu da ba su taɓa cewa sun san juna ba, ta ce da alama 'yan uwa ne, ta ba su maki. In makin ya yi yawa, sai a tura masu bincike.

Da yamma bayan an ci abinci, yara sun tafi ɗakin Yaya suna wasa da ƙyallaye, ya ja Maman Biyu falo ya rufe ƙofa.

"Lokacin da na shiga inshorar iyali sun tambaye ni ko akwai ciwon gado a danginmu. Na ce babu, don ban sani ba. Yanzu na sani, kuma ƙa'ida ta ce in sanar."

"To ka sanar mana."

"In na sanar, za su dakatar da komai su sake duba mu. Aikin Ƙarama ya tsaya ke nan, wa ya san sai yaushe. In ban sanar ba kuma na'ura ta gano, za a ce ɓoyewa na yi. A soke inshorar, ni ma a sallame ni."

Maman Biyu ta zauna a hannun kujera. "Ta yaya za ta gano? Takardun Yaya duk sunan mijinta ne a kai."

"Shi ya sa har yanzu babu layi tsakaninmu. Inshorarta ta ƙungiyar teloli ce, a kamfaninmu take, amma adireshin tsohon shagonta suka bayar. Sai dai yanzu za ta riƙa zuwa asibiti kullum. Ta ba da adireshin gidan nan, layi ne. In biya da katina, layi ne. Motata ta riƙa shiga filin asibiti a ranakun wankinta, layi ne. Ni na koya wa na'urar duk wannan. Na san ba ta mantuwa."

"To me kake so a yi?"

Ya juya ya kalli wajen ɗakin Yaya. Nan take ta gane.

Washegari ya sami Yaya a ɗakinta tana ɗinka hannun riga. Ya yi ta zagaye-zagaye, ita tana jinsa, allura a bakinta. Ba ta fahimci maganar ɗigo da layi ba, amma ta fahimci cewa zamanta a gidan zai iya hana a yi wa Ƙarama aiki. Ta cire allurar ta soke a jikin zaninta.

"Wannan ne kake ta gumi a kai? Auta, ko ƙodar ce aka ce in bayar don Ƙarama, da na bayar, sai dai ba ta da kyau." Ta yi dariya. "Kama mini ɗaki. Sai an yi aikin ko?"

"Sai an yi aikin kawai, Yaya. Ranar da aka sallame ta, ni da kaina zan zo in ɗauke ki."

Ɗakin da ya kama a hawa na biyu yake, a wani tsohon bene kusa da asibiti, don ta riƙa zuwa da kanta. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon wani gini. Famfo yana ƙasa, a tsakar gida. Keken ɗinkin bai bi ta ba, an ce ya yi nauyi a hau da shi matakala, kuma tunda na ɗan lokaci ne babu amfanin wahala. Ya sayo mata sabon layin waya, ya ce kada ta kira lambarsa, shi zai riƙa zuwa duk Asabar. An gaya wa yara Gwaggo ta yi tafiya neman magani.

Tsohuwar da ke da benen, wadda 'yan haya ke kira Inna, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ana shigar da katifa. Ta dubi Injiniya, ta dubi Yaya.

"Ɗanki ne?"

Injiniya ya riga Yaya amsawa. "A'a, Inna. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, taimaka mata nake yi."

"Ikon Allah. Goshinku iri ɗaya."

"Yaron kirki ne," in ji Yaya, tana shimfiɗa zanin gado, ba ta ɗago ba. "A unguwa ɗaya muka zauna."

Makonnin farko ba su yi muni ba. Duk Asabar yana ajiye mota can nesa a bakin kasuwa, ya bar wayarsa a ciki, ya tako da ƙafa ɗauke da leda. Yaya na jin takunsa a matakala ta fara dariya. "Ga mai zuwa zance a ɓoye ya iso. Ka duba bayanka, ko na'ura ta biyo ka?" Ta sa shi ya zauna a bakin katifa ya ba ta labarin yara, wa ya faɗi a lissafi, wa ya fasa kofi. Yana tashi tafiya ta cusa masa alawa a aljihu, ta ce ya ce musu wani baƙo ne ya bayar.

Amma wankin ƙoda ba ɗinki ba ne. An yi mata aiki a jijiyar hannun hagu inda ake sa allurar, aka ce kada ta ɗauki nauyi da shi. Ruwa kuma a ƙasa yake. Takan cika rabin bokiti, ta hau matakala kaɗan ta tsaya, ta sake hawa ta tsaya. In ta dawo daga wanki jiri ke ɗibarta, ta dafa bango tun daga bakin titi. Sauran marasa lafiya kowa da mai rakiya, wani matarsa na yi masa fifita, wata ɗanta na riƙe mata takalmi. Nas ta tambaye ta ina nata mai rakiyar, ta ce ita kaɗai ce. Da aka zo kan wanda za a kira, ta ce a bar wurin babu komai.

Inshorar teloli ba ta ɗaukar duka kuɗin wanki. Sauran Injiniya ne ke kawowa a hannu, don ba ya son tura komai ta banki. In wani abu ya hana shi zuwa, wankin wannan makon ya ragu. Yaya ba ta faɗa masa. In ya tambaya sai ta ce, "Sun ce jinina ya yi kyau, na huta."

Ya san ƙarya take yi. Ya ga ƙafarta ta kumbura har ta fi ƙarfin silifas. Amma ya karɓi ƙaryar, don ta fi masa sauƙin ɗauka zuwa mota.

Aka yi wa Ƙarama aiki, aka yi nasara. Ranar da aka sallame ta gida ya cika da 'yan dubiya. Asabar ɗin da ta biyo baya Injiniya ya hau bene ya tarar da Yaya ta ɗaure kayanta tsaf, ta naɗe katifa, ta yi kwalliya tana zaune a kan jaka. Har ta yi wa Ƙarama 'yar tsana da hannu, da guntayen ƙyalle.

"Na ji a jikina yau ce," ta ce. "Yaya jikin 'yata?"

"Da sauƙi sosai, Yaya." Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. "Sai dai akwai 'yar matsala. In kamfani ya biya babban aiki irin wannan, yakan sa ido a kan mutum na wani lokaci. In kika dawo yanzu, daidai lokacin da suke dubawa ne. Mu ɗan ƙara haƙuri, su rufe maganar."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauka daga kan jakar, ta fara warware igiyar katifa da hannu ɗaya. Ya matso zai taya ta.

"Bari, na iya. Ungo, kai mata wannan. Ka ce baƙon nan ne dai."

'Yar tsanar ba ta isa gida ba. Ya zauna a mota yana juya ta, ya san Ƙarama na ganin ɗinkin za ta gane hannun Gwaggo, ta fara tambaya. Ya buɗe aljihun mota ya tura ta can ciki, ƙarƙashin takardu.

A ofis kuwa tauraronsa haskawa yake yi. Ya gama sabon gyaran na'urar, yanzu har da kantin maganin da mutum ke zuwa da masu kawo saƙo gida tana dubawa. Manaja ya tara ma'aikata, ya sa aka nuna misali a babban allo: wani magidanci da ya ɓoye cewa mahaifinsa na da ciwon gado. Babu takarda ko ɗaya da ta haɗa su, amma na'ura ta lura kantin magani ɗaya suke zuwa, kuma motar ɗan tana kwana a layin su tsohon. Wani jan layi ya fito a tsakanin ɗigo biyu. Masu bincike sun je sun tabbatar, an soke inshorar gidan.

"Ku tafa wa Injiniya," in ji Manaja. "Wannan na'ura tasa ko ɗan da aka haifa a ɓoye sai ta nemo masa uba."

Aka yi dariya, aka tafa. Injiniya ya yi murmushi, ya fita zuwa banɗaki ya daɗe yana zuba ruwa a fuska. Babu abin da yake so kamar ya rubuta sunan Yaya a na'urar ya ga makin da ta ba su. Amma duk wanda ya nemi wani suna, na'urar na adana cewa ya nema, wannan ma alama ce. Don haka bai san ko makin ya yi sama ba ko yana ƙasa. Tsoron da ba shi da ma'auni kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Ya rage zuwa. Asabar ɗaya ya je, ɗaya ya ce aiki ya yi yawa.

Wata rana da hantsi Maman Biyu ta dafa shinkafa marar gishiri, ta hau tasi ta je da kanta ba tare da ta gaya masa ba. Ta tarar da Yaya zaune a kan katifa, ta jingina da bango, ta tara matasan kai a bayanta. Fuskarta ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Ɗakin na warin magani da rufi.

"Yaya, ba ki kwanta ba?"

"In na kwanta numfashi ke gudu. A zaune nake barci yanzu, kamar mai gadi." Ta yi ƙoƙarin dariya, tari ya tare ta. Da ya lafa ta ce, "Ki kawo mini su mana. Ko daga ƙasa ne, in leƙa in gan su. Ba sai sun san ni ce ba."

"Wallahi Yaya, likita ya ce a kiyaye Ƙarama da shiga mutane, kada ta ɗauki wani abu. Ga makaranta kuma. Amma da zarar an yi hutu."

"Haka ne," in ji Yaya. "A kiyaye ta."

Maman Biyu ta share ɗakin, ta hau da ruwa har ta cika duk abin da ke ɗaukar ruwa, ta fito tana kuka a matakala. Da yamma ta tare mijinta tun bai cire takalmi ba.

"Mu dawo da Yaya. Wallahi mutuwa take yi a ɗakin nan."

"To. Gobe in ɗauko ta. In aka soke inshorar, ke za ki biya dubawar da ake yi wa Ƙarama duk wata? In aka kore ni, me za mu ci? Ki ce in ɗauko ta, in ɗauko ta."

Ba ta ce ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafi. Ta tuna ɗakin kusa da kicin, wanda tuni ta sa aka tura keken ɗinki lungu aka jera wa yara teburin karatu, har an yi sabon fenti.

"Ni dai na faɗa maka," ta ce a ƙarshe. "Yayarka ce."

"Ni ma don 'ya'yanki nake yi."

Haka suka raba laifin biyu, kowa ya ɗora wa ɗan uwansa babban rabo. Daga ranar ba su ƙara tayar da maganar ba. In yara suka tambayi yaushe Gwaggo za ta dawo, sai ɗayansu ya tashi ya shiga kicin.

Zuwansa na gaba, Inna ta tare shi a tsakar gida tana shanya. "Malam, matar nan jikinta ya yi tsanani. Jiya ni na hau da ita. Ka bar mini lambarka, ko don halin rai."

"Wayar tawa ta lalace, Inna. Ai ina zuwa."

"Kana zuwa," ta ce, ta juya ga igiyarta.

Yaya ba ta yi masa barkwancin zance a ɓoye ba ranar. Ta nuna masa wuri ya zauna, ta jira numfashinta ya daidaita.

"Likita ya yi mini magana. Ya ce duk wanda muke jini ɗaya da shi ya kamata a gwada shi tun da wuri. In an gano da wuri ana kula da hawan jini, ciwon ba ya saurin cin mutum. Na ce masa ba ni da kowa. Amma kai ka ji. Ka je a gwada ka, ka kai yaran."

"Yaya, in aka yi mana irin wannan gwajin, shi kansa gwajin zai shiga na'ura. Za ta ce me ya sa suke neman ciwon gado in babu mai shi a danginsu?"

"To sai yaushe?"

"A bari a sabunta inshorar ta shekara mai zuwa tukuna. Kuma ana maganar ƙarin girma a ofis, in ya tabbata zan iya..."

"Auta."

Tunda yake bai taɓa jin ta kira shi da wannan muryar ba.

"Ni na yarda ka ɓoye ni, da bakina na ce ka kama ɗaki. Ban taɓa cewa ka zalunce ni ba, ko a zuciyata ina hana kaina faɗa. Amma da ka ce don Ƙarama kake yi. Yanzu an ce ga abin da zai iya kama Ƙarama, ka ce a bari. To don wa kake yi yanzu?"

Ya miƙe tsaye. "Ba za ki gane yadda abin yake ba, Yaya."

"Ban gane ba. Zauna ka fahimtar da ni."

Bai zauna ba. Ya ajiye ambulan ɗin kuɗin wanki a kan matashin kai ya fita. Tana kiransa yana sauka. A mota ya kifa kai a sitiyari, yana gaya wa kansa ciwo ne ya sa ta faɗa, in ta huce zai dawo. Asabar ta zo bai je ba, yana jin kunyar haɗa ido da ita. Ta gaba ma ya shirya har ya ɗauki leda, ya kai bakin kasuwa, ya juya.

Da ya daure ya je, ƙofar a kulle take da kwaɗo. Ya sauko ya tarar da Inna ta yafa mayafi, tana riƙe da ledar takardun Yaya.

"Ka zo," ta ce. "Shekaranjiya da safe ta faɗi a matakala, za ta wanki. Na sa aka kira tasi na kai ta. Jiya da rana Allah ya karɓi abarsa. Yanzu zan je a ba da gawa, sun ce a zo da takardunta."

Ledar da ke hannunsa ta faɗi, lemu ya gangara ƙarƙashin famfo. Inna ba ta jira ya gama salati ba, ta wuce gaba, ya bi ta. A cikin tasi, da suka kusa asibiti, ta yi magana tana kallon waje.

"Ta yi kwana guda da hankalinta. Nas ta yi ta tambayarta wa za a kira, ta ce babu. Ni ma na roƙe ta, ta ce babu. Sai can da abin ya yi nisa ta fara kiran wani Auta. Kai ne Auta?"

"Haka take kirana."

"Na sani. Ina dai so in ji daga bakinka."

A asibiti aka nuna musu wata taga inda ake sa hannu kafin a ba da gawa. Akwai layi. Injiniya yana tsaye yana shirya maganar a ransa: ƙanenta ne ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya maimaita ta har ta zauna masa a harshe. Ya ce yau kam ko me zai faru ya faru. Layi ya matsa, suka iso gaba. Wata matashiya ce a bayan gilashi, gabanta kwamfuta. Ta karɓi takardun, ta danna, ta ɗago.

"A nan an rubuta ba ta da kowa. Akwai ɗan uwa na jini? In akwai ya ba ni katin shaidarsa in shigar."

Yatsunta na kan madannai suna jira. A jikin gilashin an manna tambarin kamfanonin inshorar da asibitin ke hulɗa da su, na kamfaninsu ne a sama. Ya san inda duk abin da ta rubuta zai je kafin rana ta faɗi. Hannunsa ya shiga aljihu ya taɓa katin. Inna ta juyo tana kallonsa. Wani a baya ya ce, "Don Allah ku yi sauri, mu ma gawa muke jira."

Hannun bai fito ba.

Inna ta gyara mayafinta ta matsa jikin tagar. "Rubuta ni, 'yata. A gidana take haya. Ni ce nata."

Matashiyar ta rubuta, Inna ta dangwala yatsa. A daidai lokacin Injiniya ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, kafaɗunsa suka saki. Sauƙi ya ji. Yayarsa na kwance a bayan wancan bangon, shi kuma sauƙi ya ji. Wannan ne abin da ya kasa gaya wa kowa, har Maman Biyu, wadda ta yi ta kuka a kicin da famfo a buɗe don kada yara su ji.

An binne Yaya da yamma. Mutanen benen suka zo, da wasu teloli da labari ya kai gare su, da wani tsoho da suke wankin ƙoda tare da ita gado kusa da gado. Injiniya ya ɗauki makara tare da su, ya biya duk abin da aka kashe, a hannu. Masu gaisuwa Inna suka yi wa ta'aziyya. Shi aka riƙa ce masa Allah ya saka da alheri.

Babu wanda ya doki Yaya, babu wanda ya zage ta, ba a hana ta abinci ba. In ka tambayi ƙanenta zai kawo maka dalili a kan kowane mataki, kuma kowane dalili yana da ƙamshin gaskiya. Kamfani ma zai ce shi bai kori kowa daga gidan kowa ba, hasashe kawai na'urarsa ke yi, don a san wanda ya fi haɗari. Amma an kafa doka da ta mayar da 'yar uwa marar lafiya abin tsoro, aka sami wanda ya fi kowa sanin dokar, ya bi ta har ƙarshe a cikin gidansa. Na'urar an gina ta ne don ta gano dangantakar da mutane ke ɓoyewa. Ba ta gano wannan ba, don kafin ta duba, mai ita ya riga ya tsinke dangantakar da hannunsa. Har yau ba a kai tagwayen gwaji ba. Suna nan suna karatu a ɗakin kusa da kicin, suna jiran Gwaggo ta dawo daga neman magani.

Ranar Litinin Injiniya ya koma ofis. Manaja ya tsaya a bakin teburinsa da kofin shayi a hannu.

"Na neme ka ranar Asabar ban same ka ba. Maganar ƙarin girman nan ta tabbata, na so in fara yi maka albishir. Ina ka shiga?"

"Jana'iza na je, ranka ya daɗe. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta rasu."

"Allah ya jiƙanta." Manaja ya dafa kafaɗarsa. "Har maƙwabciyar da ma ba ka manta ba. Kai dai, Injiniya, akwai ka da zumunci."